Sayen tsohuwar bwat ta mota: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Idan kaka ta yi, motocin ƙauye ba su da hutu. Daga Gangara zuwa Gazawa, daga Caduwa zuwa Agye, daga Cadakori da Gidan Sori zuwa Gidan Rumji, kowace ranar kasuwa za ka gan su sun yi doro da buhunan aya da wake da gyaɗa da riɗi. Motar da ta kai hatsi kasuwa da safe, ita ce ake buga wa direbanta ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace gardama, a kai ta gidan likita. Daga Agye zuwa Maraɗi wajen kilomita 80 ne. Amalanke ba ta yin wannan tafiya da mai naƙuda. Saboda haka lalacewar mota ɗaya a gari ba hasarar mai ita kaɗai ba ce.

Yawancin motocin nan tsofaffi ne. Peugeot 504 ta fito tun 1968, an fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma tun kafin 2010 aka daina ƙera 504 ɗin. Toyota Hilux da Hiace da muke gani, da yawansu sun ƙare ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su iso mana. Idan bwat ɗin irin wannan mota ta mutu, sabuwa ba ta samuwa, in ma ta samu kuɗinta ya fi ƙarfin manomi. Sai a nemi ta hannu. A nan ne ake yin kuka, domin bwat rufaffen akwati ce, lafiyayya da matacciya duk kamarsu ɗaya daga waje. Mutum ya sayar da buhunan ayarsa, ko ƙungiya ta fasa asusunta, a sayo ƙarfe, a ɗaura, bayan sati biyu mota ta koma ƙarƙashin bedi ta kwanta.

Darasinmu na yau a kan wannan ciniki yake. Ba direbobi kaɗai ya shafa ba. Ya shafi manomin da ya sayi mota ya ba ɗansa, da matan ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991, idan sun zuba kuɗinsu a motar haya.

Mece ce bwat?

Makanikanmu suna ce mata bwat, na Katsina da Kano su ce giyabos. Akwati ce ta ƙarfe da ke tsakanin inji da ƙafafun mota. A cikinta akwai faya-fayai masu haƙora, manya da ƙanana, suna cizon juna suna iyo cikin mai. Inji yana da sauri amma ba shi da ƙarfin tayar da kaya daga tsaye. Bwat ce take karɓar saurin nan ta mayar da shi ƙarfi.

Ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, tayarta tana juyawa wajen sau 500 a minti ɗaya, inji kuwa yana juyawa wajen sau 2000. Wato inji sau 4, taya sau 1. Wannan a giya ta huɗu ke nan, kuma ragin nan na 4 ba a cikin bwat ake yin sa ba, a ƙundun ƙafafun baya ake yin sa, wanda ake ce wa pon. Idan direba ya sa giya ta ɗaya, bwat ma sai ta ƙara nata ragin na kusan sau 4. Huɗu sau huɗu, 16. Inji ya juya sau 16 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa giya ta ɗaya ba ta gudu, amma ita ce ke fitar da mota daga yashin Gulbin Kaba. A riƙe wannan lissafi, za mu yi aiki da shi a kasuwa.

A tabbata bwat ɗin ce ba ta da lafiya

Mutum ba ya shan magani sai an san ciwonsa. An sha sayen bwat alhali ta cikin motar lafiyarta lau, laifin na maƙwabtanta ne. Babban maƙwabcinta shi ne kuloci, wanda wasu ke ce wa ambirayaji, kuma kuɗin gyaransa bai kai rabin na bwat ba.

Idan direba ya taka totur inji ya yi ta ruri amma mota ba ta ƙara gudu, musamman da kaya ko a hawa, faifan kuloci ne ya cinye. Idan giya tana shiga sumul lokacin da inji yake kashe, amma da an tayar da shi sai kowace giya ta ƙi shiga, nan ma kuloci ne ba ya saki, a duba wayarsa ko mansa. Idan ƙara tana tashi daidai lokacin da aka taka kuloci, ƙaramin boris ɗin da ke tura shi ne ya bushe. Idan kukan daga baya yake zuwa, yana ƙaruwa da gudun mota ko a wace giya ake, a duba pon. Idan kuwa ƙwal ake ji duk lokacin tashi ko sakin totur, a kama kardan a girgiza, wato doguwar sandar nan da ke ƙarƙashin mota. Sandar giya da ke lilo kamar muciya a tukunya, sau da yawa ƴan robobi ne suka cinye a gindinta.

Alamun da ke nuna bwat da kanta su ne waɗannan. Giya ɗaya ko biyu suna gurza lokacin shiga, sauran suna shiga lafiya. Giya tana tsalle ta fita da kanta ana cikin tafiya. Ana jin gurnani a tsaye inji yana aiki, da an taka kuloci sai ya ɗauke. Ko kuma ana jin kuka a giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku, da an shiga ta huɗu sai tsit. Ko a nan ma, kafin a yi maganar saye a tambayi makaniki ko za ta gyaru. Canja boris biyu da zoben tagulla ɗaya a bwat ɗin da ka san tarihinta ya fi sayen wadda ba ka san inda ta fito ba.

Suna ɗaya, kama daban

Kada ka shiga kasuwa ka ce a ba ka bwat ɗin Hilux ka yi shiru. Hilux iri-iri ce. Akwai mai shan esansi, akwai mai gazuwal. Akwai mai giya 4, akwai mai 5. Akwai mai ja da ƙafa biyu, akwai mai ja da huɗu. Haka 504 da Hiace, wata sandar giyarta a ƙasa take, wata a jikin sitiyari. Bwat ɗin wannan ba ta hawa waccan, ko ta hau ta ƙi aiki daidai.

A nan karatu yake da rana. A jikin motocin Toyota akwai ɗan allon ƙarfe, ko cikin ɗakin inji ko a bakin ƙofa, wanda aka rubuta lambar bwat a kansa, harafi da lambobi, kamar G58 ko R151. Na tsofaffin Peugeot ana kiran su BA7 ko BA10. A kartagiris kuma akwai doguwar lambar jikin mota, wadda a yawancin motoci take da haruffa da lambobi 17. Ka kwafe su duka a littafinka, harafi bayan harafi, ka sa wani ya karanta maka ka gwada. A kula da 8 da B, da 5 da S, domin a jikin ƙarfe mai datti suna kama da juna. Sai dai tsohuwar mota ta sha hannu, wataƙila wani ya riga ya canja mata inji ko bwat. Don haka abin da ya fi duka shi ne a sauke tsohuwar a tafi da ita, a ajiye su gefe da gefe. A ƙirga ramukan kusoshin da ke ɗaure ta da inji. A ƙirga zara-zaran haƙoran da ke kan sandar gaba, inda faifan kuloci yake shiga. Mafi sauƙi, a zo da faifan kulocin a zura shi a gani. A auna tsawonsu da igiya. A duba gefen da makunnin inji yake zama. Bambancin yatsa biyu a tsawo ya isa ya sa a yanke kardan a yi masa walda, kuma kardan mai walda ba ya rabuwa da karkarwa.

Daga ina ta fito?

Bwat ta hannu iri uku ce a kasuwanninmu. Akwai wadda aka kwance daga mota a Turai ko Japan ko Dubai aka zo da ita cikin kwantena, ita ce ƴan Najeriya ke ce wa Baljiyam. Da ta Kwatano take biyowa ta shigo ta Gaya. Bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Akwai wadda aka cire daga motar da ta yi haɗari a nan ƙasar. Akwai kuma wadda ta mutu a hannun wani, aka buɗe ta, aka yi mata ɗinki, aka wanke, aka fesa fenti, aka jera ta cikin na kwantena. Ta biyun ba laifi ba ce, in dai bugun bai same ta ba, don motar tana tafiya har ranar da ta faɗi. Ta ukun ita ce abin tsoro. Ka tambayi mai kaya a fili, gaban mutane, wace iri ce wannan. Amsar da ya bayar za ta shiga takarda.

Wanda ke Gazawa ko Agye yakan ga kamar ya tsallaka Katsina, ko ya wuce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, zai fi samun sauƙi. Wani lokaci haka ne. Amma a sa kuɗin mota, da canjin naira, da na duwan, sannan a tambayi kai: in ta ƙi aiki, wa zai mayar da ita? A ganina, tsada kaɗan a Maraɗi wurin mutumin da ka san shagonsa ta fi araha a garin da ba ka da mai masauki. Sayen bwat ta hoton WhatsApp kuwa, a aika kuɗi a jira ta a tasha, wannan cinikin biri a sama ne.

Ranar ciniki

Ka tafi da makanikinka, wanda zai ɗaura ta, kuma kai za ka biya shi ladan ranar. Makanikin da mai kaya ya kira, ko dillalin da ke jiran la'ada, idonsa ba naka ba ne. Ka tafi da alli, da farin tsumma, da kwano, da littafinka. A fito da ita fili cikin rana, kada a duba a duhun shago.

A fara da jikinta. A goge ta, a bi ta da ido da yatsa, sama da ƙasa, a kifa ta a duba cikinta. Ana neman tsaga, da tabon walda, da wurin da aka liƙe da gam aka shafa baƙin mai a kai. A duba kunnuwan da kusoshi ke shiga, ko akwai wanda ya karye. Bwat mai ƙura da tsohon datti ta fi kwantar da hankali a kan wadda ke ƙyalli. Datti yana nuna inda mai yake yoyo, wanki kuwa yana ɓoye shi. A duba kawunan kusoshin da suka haɗa gidanta. Idan sun sha sifana sun yi fari-fari, ko kuma ga jan gam ko baƙi ya tsattsafo ta bakin mahaɗa, an taɓa buɗe ta. Buɗewa ba zunubi ba ne, amma sai a faɗa maka wanda ya buɗe da abin da ya canja, kuma kuɗinta ba ɗaya ba ne da wadda ba a taɓa ba.

Sai mai. Mai shi ne jinin bwat, kuma kamar yadda likita ke ɗibar jini ya san abin da ke cikin mutum, haka mai yake tona asirinta. A kwance toshiyar ƙasa a tara kwano. Ko an juye man tun can, ɗan abin da ya rage ya isa. A ɗiga a farin tsumma a kai rana. Lafiyayyen mai ruwan zuma ne ko ya ɗan fi duhu. Yana da ɗan wari irin nasa mai kama da na farar wuta, wannan ba komai ba ne. Idan baƙi ne ƙirin yana ƙaurin ƙuna, ta yi aiki da zafi ko da ƙarancin mai. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A kula da wannan sosai, domin motoci da yawa sun kwana cikin ruwa a ambaliyar 2024 da ta yi wa jihar Maraɗi ɓarna, kuma ruwa yana sa boris tsatsa a ɓoye. Idan mai yana walƙiya da ƴan ɗigo-ɗigo ruwan zinariya, zobban tagullar da ke daidaita shigar giya ne suke cinyewa, wannan bwat za ta yi gurza. Idan kuwa abin da ya fito mai kauri ne kamar kunu, ko giris, ko ka murza ka ji gari-gari kamar dusar katako, an cusa shi ne don a toshe bakin ƙara. Ka tashi ka bar wurin.

A yawancin bwat, toshiyar nan tana da maganaɗisu a kanta mai kama ƙarfe. A dube shi. Laushin toka-toka kamar kwalli, wanda in ka murza ba ka jin komai, wannan cin yau da kullum ne. Amma gutsattsarin da yatsa ke ji, kamar tsakin dawa ko ɓawon ƙarfe, haƙori ne ko boris ya fara farfashewa. Toshiyar da aka goge tas ita ma abin tambaya ce.

Yanzu sai juyi, kuma a nan ne za a daɗe. A sa sandar giya, in babu a ari wata. A yi alama da alli a sandar gaba, a yi a sandar baya. A sa giya ta ɗaya. Mutum ɗaya ya juya sandar gaba da hannu yana ƙirgawa, wani ya sa ido a ta baya. Sandar gaba za ta juya kusan sau 4, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, kafin ta baya ta cika zagaye ɗaya. A giya ta biyu wajen sau 2 ne ko da ɗan ɗori. A ta uku wajen ɗaya da rabi. A ta huɗu tare za su tafi, ɗaya da ɗaya. A ta biyar ta baya ce za ta riga ta gaba cika zagaye. A ribas ta baya za ta juya a kishiyar hanya. A rubuta abin da aka ƙirga, a yi wa tsohuwar bwat haka, a gwada. Idan lissafin bai zo ɗaya ba, ko da ta hau motar, ko dai ta rasa ƙarfin jan kaya ko ta riƙa shan mai. Wannan ƙirga ta motocin da ke ja da ƙafafun baya ce, irin su 504 da Hilux da Hiace. Ƙananan motocin da ke ja da ƙafafun gaba, kamar Starlet da Corolla, pon ɗinsu a cikin bwat yake, lissafinsu daban ne, sai a gwada da tsohuwar kawai.

Ana juyawa ana saurare, hannu ma yana saurare. A kowace giya a yi zagaye da yawa, ba ɗaya ba. Juyi ya zama sumul tun daga farko har ƙarshe. Idan ana jin gargada kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne. Idan a kowane zagaye akwai wurin da take cijewa ko ta yi ƙwas, haƙori ya ɓalle a nan. Kowace giya ta shiga ta zauna daram, sai an ja ta da niyya ta fito. Idan ta ƙi shiga, a ɗan juya sanda a sake gwadawa, wannan ba aibi ba ne. A mayar da ita firi, a riƙe sandar baya da hannu, a juya ta gaba. Ta baya ta tsaya cik ba tare da kokawa ba.

Daga nan a kama sandar baya a girgiza ta sama da ƙasa, a ja ta a tura. Bai kamata ta yi wasa ba. Sandar gaba kuwa takan ɗan motsa kaɗan, domin bakinta a jikin inji yake samun matokara, amma ba ta yi lilo tana ƙara ba. A duba zara-zaran haƙoranta, kada su zama sun murɗe ko sun yi kaifi kamar bakin wuƙa. In bwat ɗin mai murfi ce a sama ko a gefe, a nemi izini a buɗe a leƙa da tocila. Kusoshi kaɗan ne. Haƙora su kasance masu santsi, ba ramuka, ba tsatsa, ba shuɗin ƙuna. Na ribas sukan ɗan daddauje a baki a tsohuwar mota, ana iya haƙuri da wannan in an rage kuɗi. Mai kayan da ya hana a juye mai, ya hana a buɗe murfi, ya riga ya ba ka amsa.

Bwat mai canja giya da kanta, wato otomatik, ba ta jin wannan gwaji. Da matsin mai take aiki, sai inji yana juyawa ake sanin halinta. Abin da za ka iya gani a ƙasa kaɗan ne: manta ya zama ja garau, ba baƙi mai ƙauri ba, kuma ta zo da tulunta na gaba. Ni dai ba na ba mutumin ƙauye shawarar sayenta sai ya gan ta a jikin mota tana tafiya. Yashi yana dafa ta, ba a tayar da motarta da turi, masu gyaranta kuma sai birni.

Takarda

Kome kyan dubawa, bwat ba ta faɗin gaskiyarta duka sai ta hau mota ta ɗauki kaya. Saboda haka kada a rabu sai an yi yarjejeniyar gwaji, kuma a rubuce. Da Hausa ma ta isa. A sa kwanan wata, da sunan mai saye da na mai sayarwa, da irin bwat ɗin da lambarta, da inda ya ce ta fito, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage. A rubuta kwana nawa aka ba ka na gwaji. Ka nemi sati guda aƙalla, kuma a fara ƙirga daga ranar ɗaurawa, ba ranar saye ba, don motarka ta samu cin kasuwa ɗaya ko biyu a ciki. A rubuta abin da za a yi in ta ƙi: canji ko mayar da kuɗi. Shaidu biyu su sa hannu. In mai kaya ya yarda, a ba da kafin alƙalami a riƙe saura sai an gwada. Ka sa wata alama taka a jikinta da ƙusa da guduma a gabansa, shi ma ya sa tasa, don kada a zo ana musun ba ita ba ce. Takardar nan tana da wani amfani kuma. Idan wata rana aka ce kayan sata ne, ita ce za ta fitar da kai gaban jandarma.

Kuɗin bwat ba shi ne kuɗin aiki duka ba. Mu ɗauki misali don lissafi kawai, ba farashin kasuwa ba ne. An sallama maka a jika 150. Makaniki ya ce jika 20. Faifan kuloci da boris ɗinsa jika 25. Mai da robobi jika 10. Zuwa da dawowa jika 10. Duka jika 215. Wanda ya fita da jika 150 cif, motarsa za ta kwana a garaji yana neman bashi.

Ɗaurawa da gwaji

Tun da an riga an sauke, a canja robobin da ke tare mai na gaba da na baya, a duba faifan kuloci da boris ɗinsa. Ƙananan abubuwa ne, amma in aka bar su sai an sake sauke bwat gaba ɗaya kafin a kai gare su. A zuba sabon mai daga rufaffen galan, irin wanda aka tsara wa wannan bwat. Yawanci lambarsa 80W-90 ce ko 75W-90, a karanta a jikin galan. Wasu tsofaffin Peugeot man inji suke sha, a tambaya. Ana zubawa ta ramin gefe har sai ya fara dawowa, mota tana tsaye a wuri mai daidai.

A gwada ta da sanyin safiya, a sake gwadawa bayan ta yi zafi. A hau kwalta, a bi giya ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, a sauko. A cikin kowace giya a taka totur a sake shi farat ɗaya, a ga ko sanda za ta yi tsalle ta fita. A yi ribas mai ɗan nisa. Sannan a yi mata lodi irin wanda ta saba a shiga yashi da ita. In mai ja da ƙafa huɗu ce, a sa kirabo a cikin yashin, ba a kan kwalta ba. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe a duba ko ta ɗiga. Duk abin da aka ji ko aka gani, a koma wurin mai kaya tun kwanakin ba su cika ba. Kada a bari makaniki ya buɗe ta kafin nan, domin da an buɗe yarjejeniya ta warware.

Lafiyar masu aikin

Bwat ɗin irin waɗannan motoci takan kai nauyin rabin buhun hatsi, wata ta fi. Kada a sa yaro ɗan koyo ya tare ta da ƙirjinsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. A tokare ta da gungumen icce, a sa duwatsu a tayu. Ƙurar da ke cikin gidan kuloci kada a hure ta da baki ko da famfon iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsofaffin faya-fayai suna iya ƙunsar wani zare mai lahani ga huhu, wanda ciwonsa ba ya bayyana sai bayan shekaru. A wanke hannu da sabulu, ba da esansi ba, kafin a sa shi a akushi.

Tsohon mai kuma guba ne. Wasu suna shafa shi a gyambon jaki ko na sa, har da ƙazwar yara. A daina. Ba ya warkarwa, yana cin fata, dabba kuma tana lasa. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko fadama ko tabkin da dabbobi ke sha, musamman a bakin gulbi wajen Tibiri da Gidan Rumji inda ruwa yake kusa da sama. A tara shi a galan mai murfi, a rubuta a jiki, a ajiye inda yara ba sa kai wa, kuma galan ɗin kada ya koma na ruwa ko na man gyaɗa har abada.

Tsohuwar bwat ɗinka kuwa dukiyarka ce, kada ka bar ta a garaji haka nan. Tun ranar ciniki ana iya sa ta a cikin lissafi a rage maka kuɗi. In ba haka ba, a kai ta gida a zuba mata ɗan mai, a toshe ramukanta da tsumma, a ɗora ta kan icce a inuwa. Gidanta da cokulan giyarta da wasu haƙoranta suna nan da rai, kuma irin wannan mota ɗaya ce da ta maƙwabcinka. Sai makaniki ya tabbatar babu abin tsinta a cikinta sannan a kira masu sayen ƙarfe su ɗora ta a sikeli.